Kuka a Buhun Dusar Katako

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta gama cinye tsakar gidan kafinta. Matarsa tana kwashe shanya daga igiya, 'yarsu Auta tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsefe kai. Shagon da ke bayan gida, wanda da ɗakin ajiya ne kafin maigidan ya cika shi da injina, yana rufe da kwaɗo. Shi kansa maigidan ya fita kai wa wani kujeru bai dawo ba.

Sai wani guntun katako ya faɗo cikin kwandon kayan, tim.

Matar ta dubi katanga. "'Ya'yan maƙwabta, Allah ya shirye ku," in ji ta, ta ci gaba da ninke zane.

Na biyu ya biyo baya. Sannan ƙusoshi suka zubo a ƙasa kamar an kife gwangwani. A nan ne ta lura ba daga waje ake jifan ba, daga wajen shagon ne, ta saman ƙofar da ke kulle. Kafin ta buɗe baki, injin zuƙe ƙura ya tashi a can ciki shi kaɗai, yana gurnani a hankali. Tun la'asar babu wuta a layin.

Wannan injin shi ne sabon abin alfaharin kafinta, kuma saboda Auta aka saye shi. Ƙurar katako ta addabi gidan. Tana kwanciya a kan gado, tana yawo a saman ruwan sha, har a gashin ido ana samunta. Auta kuwa tari ya kama ta, irin mai hana barci. Matar ta yi mita har ta gaji, shi kuma amsarsa ɗaya ce, yana nuna injin yanka da haɓa: "Me kika ce? Ban ji ba." Sai da likita ya zare masa ido sannan ya tafi kasuwa.

Mai shagon injina mutum ne mai magana ta hanci, yana murza hannuwa kamar mai wanke su. "Yallaɓai, kala uku ne. Ga ƙarami mai duro da taya, ka ja shi duk inda kake aiki. Ga fanka mai hura ƙura waje ta taga, amma fa ka shirya faɗa da maƙwabci. Ga kuma babban yaya, mai tiyo kamar cinya, buhu sama yana tace iska, buhu ƙasa yana tara dusa."

Shagon kafinta bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. Matarsa ta ce ƙaramin ya isa. Shi kuwa ya ce ai mota ba a sayen ƙarama in ana son a san an sayi mota, ya ɗauko babban yaya. Da mai shagon injinan ya zo ɗaura shi, sai ya daki buhun saman da tafin hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ko abin da ido ba ya gani ba ya tsere masa!"

A ƙarƙashin tsohon teburin aiki akwai tulin dusar katako da ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, ta yi laushi, ta yi ɗumi. Ranar da aka gama ɗaura injin, gab da magariba, kafinta ya kasa haƙuri. Ya danna makunni, ya zura tiyo ƙarƙashin teburin, tulin ya shige zuuu kamar ba a taɓa yin sa ba. Buhun ƙasa ya cika dam. Ya cire shi, ya tattare bakinsa, ya ce "Bismillah" kamar yadda ya saba in zai ɗaure kaya, ya ƙulle da igiya, ya jingine a lungu.

Washegari matar ta shiga kai masa ruwa, ta tsaya cak.

"Baban Auta, kamar kukan jariri nake ji a buhun nan."

"Iska ce a cikin tiyo. Ni ban ji komai ba."

Ta sake faɗa masa bayan kwana biyu. Ta sake faɗa. Amsar ba ta sauya ba.

To, tun yammacin da aka fara jifa, gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da zarar haske ya soma janyewa, guduma za ta fara buga teburi a cikin rufaffen shago, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe. Akan ji muryar matar tana kiran mijinta daga bayan gida alhali tana zaune kusa da shi. Kafinta ya ce ɓeraye ne. Da aka jefe shi da ƙafar kujera a ƙeya, ya ce manyan ɓeraye ne.

Sannan abin ya koma kan Auta. Ba tari ba ne wannan karon. Numfashinta ne ake ja. Tana zaune lafiya, sai ƙirjinta ya lotsa ciki kamar buhun da aka kashe wa inji, bakinta a buɗe, idanunta a waje, iska ta ƙi shiga. Sai ta kusa tafiya a sake ta. Kowace yamma riƙon yana ƙara tsawo. A asibiti aka ce huhunta ƙalau.

Wata yamma da aka sake ta, ta juyo ta dubi ubanta, ta murza hannuwa, ta yi magana ta hanci:

"Yallaɓai, wannan ko abin da ido ba ya gani ba ya tsere masa!"

Muryar mai shagon injinan ce, har da 'yar shessheƙar da yake yi a ƙarshen magana. Kafinta bai ce ɓeraye ba ranar. Ya sa takalmi a juye ya fita neman Malam, mai ruƙiyya na unguwarsu.

Malam tsoho ne ɗan ƙanƙani, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda sai an matso ake jin sa. Ya zo washegari rana na shirin faɗuwa. Bai tambayi komai ba. Ya zauna a tabarma gaban Auta, uwarta ta riƙe mata kafaɗu, ya fara karatu. Tsakar gidan ta yi nauyi. Tsuntsayen da kan yi hayaniya a kan waya suka yi shiru. Daga shagon ana jin gudumar, ƙwas, ƙwas, sannan ita ma ta tsaya.

Auta ta miƙe zaune sambal. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, a bushe, kamar zarto a kan busasshen katako.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu. Na riga su zama a ɗakin can."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Tambayi Yallaɓai." Ta karkata kai, ta kumbura kumatu, sai ga muryar kafinta sak: "Iska ce a cikin tiyo. Ni ban ji komai ba."

Matar ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi ƙasa.

"Ɗana yana barci a dusar ƙarƙashin tebur," in ji muryar. "Nan ne gadonsa. Wannan mutumin ya zura masa bakin dodo ba sallama, ba ambaton Allah, ba ko gyaran murya. Da ya ambata da na ɗauke ɗana. Sai da ya zuƙe shi, ya zo ɗaure buhu, sannan ya tuna da Bismillah! Abin da aka ƙulle da wannan sunan, tsoho, ka san hannuna ba ya kwance shi. Ina zagaya buhun ina jin ɗana yana neman iska. To ni ma zan ja iskar 'yarsa, kaɗan-kaɗan, har ta ƙare."

"Za a kwance," in ji Malam. "Ki fita tukuna."

"A kwance tukuna."

"Ki rantse da wanda ya halicce ki, in an kwance kin bar ta har abada."

Ƙirjin Auta ya lotsa, ya daɗe a lotse, uwarta tana salati da kuka a haɗe.

"In ɗana ya fito lafiya, na rantse."

Kafinta ya buɗe kwaɗon shagon. Ya jawo buhun har tsakar gida, ya durƙusa. Ƙullin da ya yi da kansa ya ƙi kwantuwa sai da ya sa haƙori. Bakin buhun ya buɗe. Wata 'yar guguwa, ba ta fi tsayin gwiwa ba, ta taso daga cikin dusar, tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Aka ji atishawa, 'yar ƙarama. Guguwar ta gangara ta kwanta a cinyar Auta.

Hannun Auta ya shafa abin da ba a gani. Muryar ta yi laushi, tana kiran wani suna da kunnen mutum ba ya riƙewa. Ta kira ta dama. Ta kira ta hagu. Ta sake kira ta hagu. Sannan ta ɗago, kuma babu sauran laushi.

"Fankar injin ta kashe masa kunne ɗaya. Bai fito lafiya ba. Rantsuwata ta warware."

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ba ya ganin ku. Ba a kama mutum da abin da bai sani ba."

"Ranar farko bai sani ba. Sauran ranakun fa? Sau nawa matarsa ta faɗa masa?"

Numfashin Auta ya soma janyewa, leɓɓanta suka yi fari.

"Ɗauki nawa!" in ji kafinta. "Ga kunnena, ki bar mini 'yata!"

"Kai, yi shiru, ba a ciniki da su haka!" Malam ya daka masa tsawa, karo na farko da aka ji muryarsa da ƙarfi. Amma magana ta riga ta fita.

Auta ta yi murmushin da ba nata ba. "Me zan yi da kunnen da ba ya ji? Ba zan ɗauka ba, Yallaɓai. Ajiya zan ba ka. Duk kukan da ɗana ya yi a buhun nan na tara shi, ban zubar da ko kaɗan ba. Matso."

Ya matso. Ta kawo baki kusa da kunnensa na hagu, ta hura, fuu, kamar mai share ƙura daga kan katako.

"Yanzu na rantse, tsoho. Na bar ta."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta ja iska cike da ƙirji. Guguwar ta bi ta ƙarƙashin ƙofar shago ta ɓace.

Auta ta warke, har tsohon tarin ya tafi, don injin dai, a faɗi gaskiya, yana aikinsa. Amma tiyo bai ƙara leƙa ƙarƙashin tsohon teburin ba, dusa ta sake taruwa a can, kuma kafinta ba ya danna makunni sai ya ƙwanƙwasa teburin ya ambaci Allah ya ɗan jira. Idan rana ta yi ja, za ka gan shi ya ajiye zarto, ya dafe kunnen hagu, ya runtse ido, yana jijjiga a hankali kamar mai rarrashin jariri.

Yanzu in matarsa ta leƙo shago ta ce, "Baban Auta, ka ji..." ba ya bari ta ƙarasa.

"Na ji," yake cewa. "Wallahi na ji."