Ɗan Aiken Safwan

Ranar da Rumaisa ta fara haɗuwa da Safwan, ba shi ta fara kallo ba, tumatir ta fara kallo.

Daga Bunkure ta taso zuwa Kura da kwamfutar makarantar mahaifinta a jaka, don ta kwana uku ba ta tashi ba. Mahaifinta, Malam Iliyasu, shi ke da Islamiyyar unguwarsu, ita kuma ke buga masa duk wata takarda. Aka kwatanta mata shagon wani mai gyara kusa da tasha. Ta same shi ya duƙufa kan wata waya, tasa kwamfutar a buɗe a gefe. A ƙasan allon ga wani ɗan jan tumatir mai ƙafa biyu da hula, yana tafiya abinsa. Ya kai bango ya hau, ya bi ta sama yana reto, ya saki hannu ya faɗo tim, ya tashi ya gyara hularsa kamar ba shi ba.

Dariya ta ƙwace mata.

"Malama," in ji mai shagon, "ni kika zo gani ko shi?"

"Na yi sallama, kai ne ba ka ji ba. Wannan kuma mene ne?"

"Ɗan garinmu Kadawa ne. Babana yana noma su, ni ina zana su. Hoto arba'in da shida na yi masa, kowanne da motsinsa, shi ya sa kika ga yana tafiya."

Cikin rabin sa'a ya tashi kwamfutar, amma Rumaisa ta yi sa'a biyu a shagon. Ta ce a sa mata irinsa, ya sa. Ta ce hular ta zama koriya, ya canza. Ta ce manomin rani ba ya yawo hannu rabbana, ya zana masa ɗan shebur na ban ruwa a kafaɗa. Sannan ya buɗe wani shafi ya rubuta kalaman da zai riƙa faɗa lokaci-lokaci, bai bari ta gani ba.

"Ɗan aikena ne," ya ce yana miƙa mata jakar. "Ki kula da shi."

Tana isa gida ta kunna. Tumatirin ya tako ya tsaya a tsakiyar allo, rubutu ya fito a saman kansa: "Malama ƙarama, kin isa lafiya?"

Daga nan fa zance ya ƙare, ko in ce ya fara. Wata biyar suna musayar saƙo, duk sati biyu kuma kwamfutar nan sai ta sami wata 'yar larura da sai a Kura ake maganinta. Umma, mahaifiyarta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inji mai laulayi irin wannan ba.

"Injiniya, ɗan aikenka ya cika surutu yau," Rumaisa za ta rubuta.

"Ki yi haƙuri da shi, Rumata. Abin da ke zuciyar ubangidansa yake faɗa, ni kunya ke hana ni."

Kawunsa Dattijo ya aiko da maganar aure. Malam ya yi bincikensa, bai sami abin ƙi ba, ya ce manya su zo bayan an gama jarrabawar makaranta.

Ana saura kwana shida jarrabawa, Rumaisa ta buɗe wa Malam tambayoyin Fiƙihu na aji shida don ya duba. Ya sa tabarau, ya fara bi layi-layi. Sai ga ɗan tumatir ya ajiye sheburinsa, ya kama gefen shafin ya ɗora a ka, ya taka har ƙarshen allo, ya wurga shi waje. Ya dawo hannu wayam.

"Innalillahi! Ina ya kai ta?"

"Wasa ne, Baba, haka yake yi." Ta rufe ta sake buɗewa, takarda ta dawo.

Malam ya ci gaba da dubawa. Shi mutum ne mai ajiye magana har sai ranarta ta zo.

Ranar kuwa ba ta yi nisa ba. Safwan yana da ƙanwa a aji shida, Ummukulsum, tana zaune wurin kakarsu a Bunkure. Yarinyar da ba ta taɓa haura sittin a Fiƙihu ba, sai ga ta da casa'in da takwas. Wanda ya duba takardun kuwa Malam Khalifa ne, tsohon ɗalibin Malam da yanzu yake koyarwa, wanda ya shekara biyu yana kewaye-kewaye a kan Rumaisa bai sami fuska ba. Shi ya kai takardar gaban Malam da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, ni ban ce komai ba. Amma masu sanin kwamfutar nan, akwai abin da suke sakawa ya riƙa kwaso musu duk abin da ke ciki."

Malam ya sa aka kira Rumaisa, ya ce ta buɗe masa wayarta. Bai yi nisa ba ya tsaya kan wani saƙo, ya karanta a fili:

"Ɗan aikena ya kawo mini labari, yau tun safe kina kan bugu, shayinki ma ya huce ba ki sha ba. Ki tausaya wa matar mutane."

Ya cire tabarau. "Ɗan aike. Shi da bakinsa. Ni kuma da idona na ga ya ɗauki takardata ya fita da ita. Rumaisa, wanda ya ci amanar allo zai riƙe amanar mace?"

Ya aika wa Dattijo cewa a dakata. Tumatirin kuwa ya ce kada a taɓa shi, shaida ne.

Da a ce zargin na Malam ne kaɗai, da da sauƙi. Abin da ya fi ci wa Rumaisa rai shi ne ita ma ya shige ta. Ranar shayin nan ba ta gaya wa kowa ba. To wa ya gaya masa? Ta tuna yadda ya kare allon da hannu lokacin da yake rubuta kalaman. Ta tuna duk ranar da ta zauna gaban kwamfutar babu mayafi, ɗan abin nan ya tsaya yana kallonta da idanunsa biyu kamar ƙwayar wake. Ta sa filasta ta rufe kyamarar, sannan ta aika masa saƙo guda:

"Tsakani da Allah, me ɗan aikenka yake kai maka?"

Shi kuwa bawan Allah bai san wainar da ake toyawa ba, ya amsa nan take: "Komai da komai, Rumata. Har abin da ba ki faɗa ba."

Ta kashe wayar, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Sau biyu Safwan yana zuwa ƙofar gida, Malam ya ce a ce masa ba yanzu ba.

Kwana tara tana cikin wannan hali, tana sonsa tana tsoronsa. A rana ta goma ta gaji. Ta shiga ofishin makaranta, inda yanzu kwamfutar ke kwana, ta buɗe sabon shafi ta rubuta:

"Safwan, in da gaske abin nan yana kai maka abin da nake bugawa, to ga shi. Ka same ni ranar kasuwa bayan la'asar a 'yar gadar kanal ta gonar Baba. In ka zo ka faɗi gaskiya zan yafe maka. In ba ka zo ba, na amince da Malam Khalifa."

Ta ajiye shi, ta zauna tana jira har ɗan tumatir ya zo ya ɗauka ya wurga. Sannan ta tafi wurin Gwaggo Saliha, ƙanwar Malam, ta kwashe komai ta gaya mata.

"Ke 'yar nan," in ji Gwaggo, "wato in ya zo ɓarawo ne, in bai zo ba shi ne na kirki? Ni tunda nake ban taɓa raka budurwa zancen da ake addu'ar kada saurayi ya zo ba. Ɗauko mayafinki."

Ranar kasuwa suka zauna a bakin gadar. An saki ruwa, yana gudu cikin kanal, masu ban ruwa suna ta buɗe bakin fangali, motoci suna wucewa da kwandunan tumatir. Duk babur ɗin da ya ɓullo sai Rumaisa ta ƙura masa ido. Na farko mai taki ne. Na biyu wani ne da akuya a baya. Na uku ya rage gudu, ta runtse ido tana cewa ya Allah kada ya zama shi, sai ta ji ya wuce.

Rana ta yi sanyi. Gwaggo ta fara naɗe tabarma, sai ga mutum ya fito daga bayan masara, sanye da farar shadda ƙal, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Malam Khalifa ne.

"Sannunku da hutawa, Gwaggo." Ya juyo wurin Rumaisa yana murmushi. "To, kin dai gani da idonki. Bai zo ba."

Rumaisa ta ɗago a hankali. "Wa?"

"Shi mana, Saf..." Ya tsaya.

"Malam Khalifa, wa ya gaya maka ina jiran wani a nan?"

Makullin ofis uku ne a duniya, na Malam, nata, da na Khalifa.

"Ashe dai akwai ɗan aike," in ji Gwaggo Saliha tana saɓa tabarmarta, "sai dai wannan ba tumatir ba ne."

Washegari Malam ya tara su a zaure. Khalifa ya amsa cewa yana buɗe kwamfutar in an tashi, wai hujja yake nema. Malam ya karɓi makullinsa. Sannan ya sa aka kira Ummukulsum, ya ajiye takarda gefe, ya yi mata tambaya da baki irin ta da, tun daga farillan alwala har ƙabli da ba'adi. Yarinya ta riƙa zubo amsa ba gargada.

"Wa ya koya miki?"

"Yaya Safwan ne, Malam. Duk Alhamis da Juma'a sai ya zo ya tsare ni. Wai kada in kunyata shi a gaban surukinsa." Ta rufe baki da hijabi.

"Maganar shayi fa?" Rumaisa ta tambaya.

"Ni na hango ki ta taga, Anti. Ni na gaya masa."

Safwan yana durƙushe a gefe, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Malam ya tura masa kwamfutar. Safwan ya jira har ɗan tumatir ya wurga shafi, sannan ya danna maɓalli biyu ya jawo shi daga gefen allo, ga shi nan lafiya lau.

"Allah gafarta Malam, nan bayan bango kawai yake ajiyewa. Kwamfutar nan ko data ba a taɓa sa mata ba, ba shi da hanyar fita. Sunan da na sa masa ne ya ja mini. Laifin bakina ne."

Malam ya daɗe yana kallon ɗan abin yana hawa bango. "Na zarge ka a kan abin da ban sani ba. Ka yafe mini, Safwan. Ka ce wa Dattijo ina jiransu Juma'a." Ya nuna allon da yatsa. "Shi kuma wannan, a ɗaure masa hannu. Ya yi yawonsa, amma kada ya ƙara taɓa mini takarda."

Da yamma Rumaisa ta kunna wayarta bayan kwana goma sha biyu. Saƙonsa ya shigo:

"An ce kin jira ni a gada ban zo ba. Wallahi da na sani, da a guje zan zo."

"Da ka zo, Injiniya, da ka rasa ni. Ka yafe mini, ni ma na zarge ka."

"Na yafe, Rumata. Amma daga yau na sallami ɗan aike. Abin da ke raina da bakina zan faɗa: ina sonki."

Bayan an gama kwashe tumatirin bana aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam, mutanen Kadawa suka cika mota uku. Da aka kai amarya Kura, ta tarar da kwamfuta a buɗe a kan teburin ɗakinta. Ga ɗan tumatir da koriyar hularsa, a gefensa kuma wata 'yar albasa da farin mayafi, tana tafe yana biye. In ya kama bango zai hau, sai ta jawo shi ƙasa.

Gwaggo Saliha ta leƙa ta gani, ta yi dariya har da tafi. "Haka ake so, miya ta haɗu. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ɗayyiba, Ya raba ku da zato."

Ɗaki ya ɗauka da amin. Rumaisa ta miƙa hannu daga cikin lulluɓi, ta ɓare filastar da ta ga ango ya manna wa kyamarar don hankalinta ya kwanta.