Sunan da Zailani Ya Bayar

An idar da sallar magariba, ana cikin kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwanon gidan Zailani, a wani ƙauye da ke gefen Kunci. Wani dutsen ya biyo baya ya fasa tulu. Nan take 'yarsa Nazira ta yanke jiki ta faɗi, ta kama magana da muryar da ba tata ba.

Zailani bai dubi 'yar ba. Katanga ya duba, inda kawunan maƙwabta suka fara leƙowa. Tun da yara suka yi ta mutuwa a daminar nan ƙauyen yake neman maye, kuma ya lura an daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Ya san abin da ke biyo baya: jifa, kora, gonar gado ta koma hannun wani. Mutum ne da babu abin da yake ƙauna a duniya sai kansa.

Aka ɗauko Malam Kallamu, dattijo masanin ruƙiyya. Ya zauna ya yi ta karatu a kunnen yarinyar har muryar ta kurma ihu.

"Me ya kawo ka?" in ji Malam.

"Ruwan zafi ta sheƙa wa 'ya'yana a bakin rariya, babu bisimilla. A daina ƙona ni da karatun nan, a daina zuba ruwa a wurin, in tafi."

"An yarda. Fita."

Da a nan maganar ta tsaya, da an huta. Amma jama'ar da ta cika gidan ba zancen rariya ta zo ji ba, sunan maye take jira, kuma Zailani ya ga idanu suna juyowa kansa. Sai ya durƙusa, ya matso hawaye, ya tausasa murya.

"Bawan Allah, kada ka rufa wa kowa asiri don ni. Ba Yaya Turai ce ta turo ka ba?"

Turai yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu, kuma ita ta goya shi yana jariri.

Muryar ta yi dariya mai tsawo. "Ni aljani ne, amma ban kai ka ba. Kai ka faɗa." Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki.

"Jama'a, bai ambaci kowa ba!" in ji Malam. Babu wanda ya saurare shi. Aka jawo Turai, aka ce ta tsallaka yarinyar ta sako mata kurwa, yadda ake sa mayu su yi. Zailani ya fi kowa ɗaga murya.

Turai ta gyara zaninta, ta tsallaka ba gardama. Sannan ta juyo.

"Na tsallaka. Saura kai, Zailani. Kowa a nan ya san a nono ake shan maita, kuma nonon da na sha na bari, shi ka kama."

Sai mutane suka dare, suka buɗe masa hanya zuwa ga yarinyar, kowa yana kame rigarsa kada ta taɓa tasa.