Ranar da Aka Tare wa Nesta Hanya

Tumakinmu ne suka haɗa su. Wata Asabar suka ɓalle daga kan dutse suka faɗa lambun Babban Gida, otal ɗin nan da ke bakin tafki, baƙi na zaune suna shan shayi. 'Yata Nesta ta bi su da kare. Saura kaɗan ta fitar da su, sai wani saurayi ya tashi wai zai taimaka. Ya buɗe ƙofar lambu, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyarta.

"Kai, mai farin wando, matsa! Tunkiya ba ta bi ta cikin mutum!"

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ina zan tsaya?"

"Koma ka sha shayinka."

Sunansa Rowan, ma'aikacin jinya ne daga birnin Leeds. Mahaifiyarsa ya kawo ta huta bayan ta tashi daga ciwo. Mako guda ya kamata su yi. Ya mayar da ita gida, ya dawo. Ya sake dawowa. Ni uwa ce, ba sai an faɗa min ba. Yarinyar da sai na yi faɗa take taje kai, yanzu ita ce a gaban madubi kafin ta je ba karnuka abinci.

Wata rana ta nuna min saƙonsa tana dariya:

"Sarauniyar tumaki, sun ba ni ɗakin da tagarsa ke kallon dutsenku. Ga gado kamar fili, ga murhu, ga kowa na ce min yallaɓai, amma ni jar rigar can da ke hawan tudu nake kallo. Ke ce?"

Ta mayar masa: "Babana ne, Farin Wando. Rufe labule."

Babanta Emrys kuwa, da ya ji maganar aurensu, ajiye cokali ya yi.

"Baƙon otal? Su zo su ɗau hoto su tafi. In sun zauna ma, su saye gida su kulle shi duk lokacin sanyi. Ke kaɗai gare ni. Ya ɗauke ki zuwa birni, wa zai hau dutsen nan? Ga Hefin, katanga ɗaya ce tsakanin gonarmu da tasu."

"To Baba, ka auri katangar."

Na ce mata ta iya bakinta, uba uba ne. Amma da muka keɓe na ce masa, "Emrys, tare muke zama a coci, ban taɓa jin an karanta cewa ɗan birni ba ɗan Adam ba ne."

Hefin ba mugun yaro ba ne, sai dai kishi. Ya zo ya ce ya ga Rowan da dillalin gidaje suna nuna filayen kwari. Nesta ta fusata, ta rubuta wa Rowan: "Ashe gona ka zo saye? Sai ka nemi wata ta haɗa maka da ita." Ta kashe waya.

Washegari sai ga shi a ƙofa, ruwan sama ya yi masa jagab. Ashe aiki ya samu a asibitin garinmu, ɗakin haya yake nema.

"Ba ɗauke ki na zo yi ba, Nesta. Zama na zo yi. Har yarenku na fara koya, malamar ta ce kamar ina tauna tsakuwa."

"Shigo, wawa, kafin mura ta kama ka."

Emrys bai sauko daga fushinsa ba. Aka sa rana, ya ce shi ba ya ciki. Ana saura mako ya ce, "Ba daga gidana za ki fita amarya ba."

Nesta ta dube shi ido cikin ido. "To daga Babban Gida zan fita."

Uwar Emrys a can ta ƙare ƙuruciyarta tana goge daɓe, tun gidan na hannun attajirai masu filayen kwarin, kuma ba wanda ya taɓa shiga ta ƙofar gaba a zuri'arsu. Na haɗa jakata na ce, "'Yata ba za ta kwana ita kaɗai jajiberin aurenta ba. Miya na cikin tukunya."

Ta ƙofar gaba muka shiga. Wani yaro da na sani tun yana goyo ya karɓi jakata yana ce min madam. Ɗakin ya kai falonmu biyu, bahon wanka har da ƙafafu. Da yamma aka kawo abinci, ɗan naman rago mitsitsi a tsakiyar faranti, an ɗora masa ganye. Na ce wa Nesta, "Ragonmu ne fa wannan, ina suka kai sauran?" Ta yi dariya, daga nan dariyar ta koma kuka, don daga tagar ana hango rufin gidanmu. Muka durƙusa muka yi addu'a. Na ce Ubangiji, kai ka san kan mutumin nan, ni na gaji.

Da safe na gyara gadon da kaina, muka shiga mota. Ba mu yi nisa ba sai ga igiya an ɗaure a hanya, gaba kuma an jibge damin ciyawa. A kwarinmu haka ake wa amarya. Maƙwabta su tare mata hanyar coci, a sha wahala a buɗe, ana tsiya ana dariya. Wadda ba a damu da ita ba ce take wucewa salin alin. Ga Hefin a kan katanga yana cewa, "Amarya, a fito a yi aiki!"

Amma a kan gada, tarakta ce a gicciye. Ta Emrys. Nan kam ni ma ban san ko wasa ne ko da gaske ba.

Wayar Nesta ta yi ƙara. Rowan ne: "Masoyiya, an ce Baba ya rufe gada. Kar ki koma. Ga ni nan a ƙafa."

Nesta ta tattare farar rigarta ta fita. Ta je ta buga ƙofar taraktar.

"Baba, ko ka matsa ko kar ka matsa, yau zan aure shi. In ta ruwa ne zan bi."

Ya buɗe. Sai na ga kwat ɗinsa na zuwa coci ne a jikinsa, har ya yi aski.

"Na sani," in ji shi. "Tun asuba na tare hanyar gidanmu, na gama ɗaure komai, sannan na tuna ba ta nan za ki bi ba." Ya share hanci. "Ba a taɓa fitar da amarya a kwarin nan ba a tare mata hanya ba. Ba za a fara a kan 'yata ba."

Sai ga Rowan ya iso yana haki, fure ya karkace a ƙirjinsa.

"Baba, da girmanka, amma ba zan koma ba ita ba."

Emrys ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Ji shi. Wa ya ce ka koma? Je ka kwashe ciyawar can, surukarka na cikin mota. Ke kuma hau."

A tarakta ya kai ta coci, mu muna biye a baya kamar masu rakiyar kaya. Shi ya riƙe hannunta har gaban fasto. Da aka tambaya wa ya ba da ita, ya ce "Ni," da ƙarfin da har na bayan coci suka zabura.

Allah ya ba su zaman lafiya da haƙuri da juna, ya ba su 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu. Amin.