Sabuwar Salansar Baba

Babur ɗin Baba ba ya shiga unguwa a ɓoye. Tun yana kan kwana za ka ji shi. Salansarsa mai rage ƙarar inji ta tsufa, tsatsa ta ci ta, har ta huje a wuri biyu. In Baba ya ta da shi, kaji sai su watse, maƙwabta su rufe taga.

Mutum ɗaya ce ke son wannan ƙara. Ita ce babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira 'Yar Baba. Tana aji biyar. In an tashi daga makaranta, da ƙawayenta sun ji rugugin daga nesa sai su ce, "'Yar Baba, ga naki nan ya iso!" Ita kuwa sai ta ɗauki jaka tana taku ɗai-ɗai, kai ka ce mota aka aiko mata.

Ƙanenta Auta kuma ba abin da ya tsana kamar babur ɗin nan. Shekararsa biyar, bai taɓa hawa ba. Da ya ji an taka shi, sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado.

Ga shi ranar Litinin zai fara makaranta. Makarantar da nisa, ƙafar Auta ba za ta kai ba. Mama kuma tana da shagon ɗinki, ba ta da halin goya shi kullum da safe.

Mama ta ce, "In bai yarda ya hau ba, sai dai ya haƙura sai baɗi."

Auta ya ɓata fuska. An riga an ɗinka masa kayan makaranta, kullum sai ya gwada su sau biyu.

Baba ya durƙusa a gabansa ya ce, "Auta, dube ni nan. Na yi maka alkawari. Ranar Litinin babur ɗin nan ba zai yi maka ihu ba."

Ranar Asabar Baba ya sayo sabuwar salansa a kasuwa, fara ƙal, tana walƙiya. Ya tafi gareji, 'Yar Baba na biye da shi. Yarinya ce mai son ganin ƙwaf, ba a kwance noti a gabanta ba ta leƙa ba.

Bakaniken tsoho ne, yara na kiransa Kawu. Ya jira babur ɗin ya huce. Sannan ya kwance tsohuwar salansar, ya bar dogon bututun da ya fito daga inji.

Ya gwada sabuwar, sai ta yi ta rawa a jikin bututun.

'Yar Baba ta ce, "Kawu, ta yi masa yawa!"

Kawu ya ce, "Ashe kina da ido. Bututun na kamfani ne, salansar kuwa ta kasuwa ce. Bakinta ya fi shi faɗi."

Ya ɗauko wani zoben ƙarfe ya sa a tsakaninsu. Salansar ta zauna daram. Ya ɗaure mahaɗar tam, ya kuma ɗaure ta a jikin babur don kada nauyinta ya ja bututun.

Baba ya taka babur. 'Yar Baba ta zaro ido. Ba rugugi, ba ihu. Sai wani ɗan sauti a hankali, dum-dum-dum.

Kawu ya kai tafin hannu kusa da mahaɗar, bai taɓa ba. Ya ce, "Ba iskar da ke fita. Aiki ya yi."

Baba ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu. "Na gode ƙwarai. Ka fitar da ni kunyar yaro."

'Yar Baba ta ce, "Kawu, to ina ƙarar ta tafi?"

Kawu ya nuna mata ƙarshen salansar. A ciki akwai wani ɗan bututu mai huji-huji.

Ya ce, "Wannan ne ke haɗiye ta. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi. In aka cire shi, sai ta fi tsohuwar tsiwa."

Da suka dawo gida, Auta yana shago wurin Mama. Ranar Lahadi kuma Baba bai fita ba. Saboda haka Auta bai ji sabon sautin ba.

Ita kuwa 'Yar Baba ranta bai yi daɗi ba. Ta yi ta tunani. Gobe Baba zai zo ɗaukarta shiru, ba wanda zai ce ga nata ya iso.

Da yamma, tana ganin ba kowa a tsakar gida, sai ta ɗauko sifana daga akwatin Baba. Ta ce a ranta, "Ai Auta in ya hau sau ɗaya zai saba." Ta san ba gaskiya ba ne, amma ta ci gaba.

Notin bai yi mata gardama ba. Ta zaro ɗan bututun, ta naɗe shi da notin a tsumma, ta cusa a jakar makaranta. Ta wanke hannu har sau biyu.

Litinin da safe Auta ya riga kowa shiryawa. Baba ya ɗaga shi ya ɗora a kan babur.

Baba ya ce, "Sauke hannu daga kunne. Ba na yi maka alkawari ba?"

Auta ya sauke hannu a hankali. Ya dubi Baba ya yi murmushi.

Baba ya taka.

Wata irin ƙara ta tashi kamar aradu. Auta ya ƙwalla ihu, ya zame ƙasa. Mama ta tare shi, ya fizge, ya ruga ɗaki. Ya shige ƙarƙashin gado da sabbin kayansa.

Yana kuka yana cewa, "Baba ya ce ba zai yi ihu ba! Baba ƙarya yake yi!"

Baba ya kashe babur, fuskarsa a murtuke. 'Yar Baba ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Can sai ya ciro waya.

Ya ce, "Bakaniken nan ya cuce ni. Ni kuwa har da yi masa godiya."

'Yar Baba ta dubi jakarta. Ga Auta na cewa Baba maƙaryaci ne. Ga Kawu za a yi masa faɗa a banza. Ga makaranta za ta zama sai baɗi. Duk saboda abin da ke cikin jakarta.

Ta ce, "Baba, kada ka kira shi. Ni ce."

Ta buɗe jaka ta miƙa masa tsumman.

Mama ta ce, "Ke! Me ya kai ki?"

Ta sunkuyar da kai. "So nake ƙawayena su riƙa jin zuwan Baba."

Baba bai daka mata tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ya ce, "Ba babur kika ɓata ba. Maganata kika ɓata a wurin ƙanenki. Hannun da ya kwance, shi zai mayar."

Suka jira salansar ta huce. 'Yar Baba ta tura ɗan bututun ciki, ta daidaita ramin, ta ɗaura notin. Baba ya karɓi sifana ya ƙara matse shi.

Ta goge hawaye ta ce, "Baba, in na shiga ɗaki, ka ƙirga ashirin sannan ka ta da shi."

Ta rarrafa ƙarƙashin gado ta kwanta kusa da Auta.

Ta ce, "Auta, Baba bai yi ƙarya ba. Ni na cire abin da ke haɗiye ƙarar. Na mayar. Ka yi haƙuri."

Auta ya ce, "Ban yarda ba."

"To mu zauna a nan. Ka san a ajinku akwai allo mai hoton giwa?"

Auta ya ja majina. "Babba?"

"Ta fi ka tsawo."

Suka ɗan yi hira. Can Auta ya ce, "Yaya, in za a ta da shi ki toshe mini kunne."

Ta ce, "Ai tun ɗazu yake aiki. Saurara."

Auta ya kasa kunne. Dum-dum-dum, a hankali. Ya leƙo kai. Ya fito yana kaɗe riga.

Suka hau, Auta a tsakiya, 'Yar Baba ta rungume shi ta baya. A hanya ta ji wani abin da ba ta taɓa ji a kan babur ba. Ta ji muryar Baba, ba tare da ya ɗaga ta ba. Ta kuma ji Auta yana ƙirga itatuwa, yana tsallake lamba bakwai.

Sun makara. Malama ta tambayi dalili, 'Yar Baba ta faɗi gaskiya. Malama ta sa ta sharar aji, ta yi ba gunaguni.

Da aka tashi, ba wanda ya ji isowar Baba. Auta ne ya fara hango shi, ya ruga da gudu.

Suka biya ta gareji, 'Yar Baba ta ba Kawu haƙuri. Kawu ya yi dariya ya ce, "Aƙalla kin ɗaura shi daidai. Amma nan gaba, ki tambaya kafin ki kwance."

Ta ce, "Na gode, Kawu. Na gode, Baba, da ka bar ni na gyara."

Daga ranar ta gane abu ɗaya. Kafin ka yi abin da zai faranta maka rai, duba ko zai sa wani kuka. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya ka gyara.

Da suka kama hanyar gida, Auta ya jingina kansa a bayan Baba ya ce, "Baba, ashe gaskiya ka faɗa."