Furannin Da Suka Ƙi Yaushi

Auta ta tsaya a gaban bokitin tana kallon furannin. Jajaye, ɗanyu shar, kamar yanzu aka yanko su.

"Ba su ba ne," ta ce.

Mai Lambu, da ke tsaye a bakin ƙofar shagon, ya sunkuyar da kai.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin ta zuba gadon mahaifiyarta a hayar wannan shago, ta ce za ta ajiye fure a ciki ta ga ko zai jure zafin wurin. In ya jure, ta buɗe shagon furanni. In ya yi yaushi, ta haƙura. Mai Lambu ta ba ajiyar makulli, don shi zai riƙa kawo mata kaya. Kuma shi take so, duk da Yaya ya rantse ba zai ba mai taɓo a ƙafa ƙanwarsa ba.

Mako ya zagayo, furen ko langaɓewa bai yi ba.

Jiya ɗan mai shagon, wanda Yaya ke so ta aura, ya zo gida da hularsa a karkace.

"Ni ba na son gulma, Yaya, amma mutumin naku kullum da sassafe sai ya sauya furen. So yake ta buɗe shago ya samu kasuwa."

"Kin ji ko?" in ji Yaya. "Fure dai ba a miya da shi. Mai furen ma haka."

Ta gama ninke kayan da take ninkewa.

Yanzu ga Mai Lambu a gabanta.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, hasken idona."

"Don ciniki?"

"Wane ciniki? Da ciniki nake so, da na sayar da waɗannan maimakon in zuba su a ɗakin da ke dafa su."

"Yaushe na farko suka mutu?"

"Washegari. Ƙofar nan yamma take kallo. Daga la'asar rana ke shigowa har bango, ko ƙwai kika ajiye sai ya nuna."

Ta gyaɗa kai. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Wurin fayau yake, kamar shagon.

"To don me?"

Ya murza yatsunsa da ƙaya ta gama yi wa zane.

"Ranar da kika kawo bokitin nan kin yi dariya... Tun da kika dawo ban taɓa ganin haƙorinki ba. Na ce bari in ƙara miki kwana ɗaya. Sai ɗayan ya ja wani."

"Da na biya hayar fa?"

"Da na faɗa miki kafin nan."

"Haka su ma suka ce."

Ya ɗago. "Su wa?"

"Ina can wajen karatu Umma ta rasu. Suka ɓoye mini, wai kar jarrabawa ta lalace. Duk na kira sai a ce ta yi barci, ko ta fita unguwa. Ni kuma ina ta saya mata tsaraba." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Su ma so ne ya sa su."

"Auta, ki yafe mini. Wallahi ban..."

"Na yafe."

Ya yi ajiyar zuciya, ya matso.

Ta miƙa masa tafin hannu. Ya ɗauka hannunsa take nema, har ya ɗago nasa.

"Makullin," ta ce.

Ya daɗe yana lalube a aljihu kafin ya ciro.

"Shagon ba zai yi ba. Zan nemi wani, mai kallon gabas."

"Sai in taya ki nema, ranki ya daɗe."

"A'a."

"Wancan mai karkatacciyar hular za ki aura?"

"Shi ma ya san da ranar yamma, ya nuna mini shagon da safe. Ba shi ba."

"To ni fa?"

Ta dube shi sosai. Har yanzu tana son fuskar nan, ta san da haka kamar yadda mutum ya san sunansa.

"Kai mutumin kirki ne. Amma in na aure ka, duk ranar da ka shigo da murmushi sai na tambayi kaina me ya mutu."

Ya juya ya nufi ƙofa.

Ta jira ya fita, ta ja ƙofa ta kulle. Ya bi hanyar lambu, ita ta tsallaka titi ta tsaya jiran mota.