Taswirar Jarmai Nata'ala

A shekara ta tara da sarautar Sarki Maje, da kaka, an gama girbin gero ba a kai ga dawa ba, Ciroma Isma'ila ya yi wa yayansa tawaye, ya kewaye Birnin Dakwasa da dakaru. Kwana arba'in da ɗaya aka yi ƙofofi na rufe. A na arba'in da biyu wani ya zare sakatar Ƙofar Arewa, aka kwararo ciki, aka kashe Sarki a zaurensa. Manya suka yi layi suna kai caffa. Jarmai Nata'ala, mai riƙe da 'yan baka ɗari uku, shi kaɗai ya ƙi.

Ciroma ya ce, "Jarmai, ka bi, ka ci gaba da sarautarka."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ci gishirin yayanka. Bakin da ya yi masa rantsuwa bai ruɓe ba tukuna."

Aka kore shi. Don kada a riƙa yabon mai taurin kai, fada ta baza cewa ai shi ya buɗe ƙofar, ladan da aka ba shi ne bai ishe shi ba. A gudun hijira ya rubuta labarin yaƙin da ajami, ya zana birnin da hannunsa. Bayan zuwan Turawa wani Di'o ya kwashe takardun, ya buga littafi, ya ce ga shaida: Jarmai da kansa ya zana tutarsa a Ƙofar Arewa. To, fa! Ƙarya ta sami tambari. Ni Zailani, tattaɓa-kunnensa, da "jikan mai zare sakata" aka raine ni. Mahaifina kuwa bai taɓa ambatar sunan kakansa a gaban mutane ba.

A 1975, lokacin da arzikin mai ya sa gwamnati ke tura ma'aikata kwas kamar ana watsa tsaba, aka turo ni Landan. Abokai na zaga kantuna, ni ina neman tsohon Di'on nan. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har unguwar Marylebone, na same shi a gidansa, ya tsufa tukuf, amma Hausarsa garau.

Ya shimfiɗa takardar bisa tebur. Tawadar ta yi ja. Ga ganuwa, ga ƙofofi huɗu, ga ƙananan bakuna an jera su a ƙofar da ke sama, da tuta a tsakiya.

Ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Sama, arewa ke nan."

Gabana ya faɗi, wallahi. Har na fara jin kunyar zuwana. Sai idona ya kai kan wasu 'yan da'irori guda bakwai a bakin ƙofar, da wani fili mai faɗi a bayanta.

Na ce, "Bature, waɗannan fa?"

"Ado ne, ina tsammani."

"Ado? Karofi ne! Ramukan rini bakwai, har gobe suna nan a kufai, na yi wasa a cikinsu. Wannan kuma filin Idi. Dukkansu a gabas suke. Wanda ya yi karatun allo, in zai zana gari, alƙibla yake fuskanta, gabas yake sawa a sama. Kai ne ka ɗora masa arewarku."

Na juya takardar, na nuna masa Ƙofar Arewa ta gaskiya a gefen hagu. Ba tutar Jarmai a can, sai alamar Galadima, wanda ya fara kai caffa. A shafi na gaba na karanta masa abin da Jarmai ya rubuta: "Muka tsare ƙofarmu har kibau suka ƙare. Rana tana fito mana a ido, ba mu kauda kai ba."

Tsohon ya cire tabarau. Can ya ce, "Littafin ya shekara talatin a hannun mutane. Ba zan iya gyarawa ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Namu zargin ya shekara casa'in a wuyanmu, kuma mun ɗauka. Riƙe littafinka, ba ni alƙalami."

Ya hana ni takardun, amma bai hana ni kwafa ba. Wuni uku na yi ina zanawa, layi bayan layi.

Da na koma gida, fada ta ƙi saurara, don jinin Ciroma ne ke kan gado, jinin Galadima ke gefensa. Har yau marubutan fada sunan Jarmai suke ɗora wa cin amanar. Haka mulki yake: wanda ya ci yaƙi shi ke raba laifi, ya ajiye mafi nauyi a kan wanda ya ƙi rusunawa. Amma mulki ba ya iya ɗauke rami daga inda aka haƙa shi.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, mahaifina ya karɓi takardar daga hannuna, ya dogara sandarsa ya miƙe a ƙofar masallaci, Galadiman yanzu na zaune yana kallo. Ya ɗaga murya, har sahun baya an ji shi.

Ya ce, "Jama'a, ni ne Uwaisu, jikan Nata'ala. Wanda ke da magana ya zo ya same ni."

Ba wanda ya tashi.