Zancen Ranar Lahadi

Ranar da Fatihu ya fara ganin Tayyiba, shi kam ba ya cikin kyan gani. Rigarsa duk siminti, hular kwano a kai, ga shi riƙe da Wilmer, wani ma'aikacinsa ɗan ƙasar Salbado da ƙarfe ya yanka a hannu a wurin ginin da Fatihu ke aikin injiniya. Haka suka faɗa sashen gaggawa na wani asibiti a garin Largo, can ƙasar waje.

Tayyiba ɗalibar aikin jinya ce da aka turo koyon aiki. Ta yi Sifaniyanci a jami'a, makinta kuma ba ya kunyata ta, don haka da ta ga zafin ciwo ya kore ɗan Turancin Wilmer sai ta gyara tsayuwa ta gaishe shi da yarensu. Bawan Allah ya ji 'yar gida, ya saki baki kamar an kunna famfo, yana nuna tiren magani yana girgiza kai. Ita kuwa ko kan zancen ba ta kama ba.

"Na shiga uku," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wannan ba shi aka koya mana ba."

"Ba ki shiga ba, in sha Allahu," in ji Fatihu.

Ta juyo da sauri. Hausa a Largo, daga bakin mai hular kwano! Kunya ta kama ta, shi kuma wani abu ya kama shi wanda ya fi kunya wuyar saki.

Da aka samo tafinta ta waya, ashe Wilmer cewa yake akwai maganin da ke kumbura masa jiki. Ba a ba shi ba, Allah ya tsare, amma abin ya tsaya wa Tayyiba a rai. Kafin Fatihu ya fita ya karɓi lambarta, wai ko ciwon zai tashi. Ciwon bai tashi ba, amma saƙo ya zo:

"Malama Nas, hannun Wilmer ya yi sauƙi. Wanda ya kawo shi ne dai jikin ya ƙi daɗi."

Ta mayar masa: "Allah ya sawwaƙe. Wannan ba sashena ba ne."

Sashenta ne kuwa. Kafin sanyi ya wuce ta zama "Nas ɗita", shi ya zama "Injiniyana", kuma ya san hanyar gidansu a Upper Marlboro. Fatihu mutum ne mai baki. In ya fara zance, Tayyiba sai ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Wata rana ta gaya masa jami'arsu na tura ɗalibai ƙasar Kosta Rika, inda Sifaniyanci ne yarensu, zango guda, su zauna a gidajen mutanen gari su yi aiki a ƙaramin asibiti. Sai dai akwai sharaɗi. Ɗalibi zai yi alkawarin ba zai yi magana ko rubutu da wani yare ba sai Sifaniyanci, in ban da waya ɗaya ta ranar Lahadi zuwa gida.

"Wayar kuma ta su Baba ce," ta ce tana kallon ƙasa.

Fatihu ya dube ta. Hausa ce jarinsa, ga shi za a rufe masa kasuwa. Amma ya tuna fuskarta ranar Wilmer.

"Ki je, Nas ɗita," ya ce. "Ni ma na ga abin da kika gani."

Wannan kalmar ce ta ja masa. Mahaifinta, Alhaji Maitama, malamin lissafi ne da ya yi ritaya, kuma da ma yana da nasa ɗan takarar, Dakta Muntaka, ɗan amininsa, wanda ya ce shi matarsa ba ta bukatar wahalar wani yare tunda asibiti na da tafinta.

"Ka ji mai hankali," in ji Alhaji. "Shi kuwa wancan, wane irin so ne mutum ya tura yarinya bayan teku? Ni ban ba shi ba."

Hajiya Saudatu, mahaifiyarta, ta lallaɓa har ya yarda da tafiyar, da ya ji gidan wata tsohuwa za ta sauka. Maganar Fatihu kuwa ya ce kada a sake tayar masa da ita.

Saƙonta na ƙarshe da Hausa daga filin jirgi ya zo: "Injiniyana, daga yau bakina ya rufe. Zuciyar dai ba ta sa hannu a takardar kowa ba."

Muntaka ya aika mata saƙo da Turanci, amsa ta dawo da Sifaniyanci. Ya sake, ta sake. Ya ce wannan raini ne, ya ja jikinsa.

Fatihu kuwa ranar Lahadi sai ga shi a ƙofar Alhaji da ledar lemo. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Wadda kake zuwa dominta ai ba ta nan," in ji Alhaji.

"Na sani, Baba. Muryarta dai nan take sauka."

Korar baƙo dai ba halin Alhaji ba ne. Haka Fatihu ya samu wuri a kan kafet kusa da ƙofa. In waya ta shigo, Alhaji ne ke riƙe da ita. Rabon Fatihu bai wuce "Ina wuni, ya karatu?" ba, sai ya koma ya yi shiru yana sauraron labarin wake da shinkafar tsohuwa. Zance a gaban uban yarinya, kuma ba bakin magana! Hajiya takan shige kicin ta yi dariyarta.

Sauran ranakun mako kuwa Wilmer ne malaminsa. Lokacin hutun cin abinci sai su zauna a kan bulo, Fatihu ya miƙa masa saƙon Tayyiba, Wilmer ya karanta da ƙarfi yana dafe ƙirji, ma'aikata suna shewa. Injiniya guda ya zama abin tsokana, amma yana tsintar kalmomi.

Ana tsakiyar zango, wata Lahadi waya ta shigo da kuka.

"Baba, na gaji," in ji Tayyiba. "Jiya wata mata ta yi min bayanin ciwon ɗanta har sau uku ban gane ba. Kaina ba ya ɗauka. Ni dai gida zan dawo."

Fuskar Alhaji ta washe. "To me na ce? Dawo abinki, uwata. Yanzu zan sayi tikiti."

Duk falon babu wanda ya kai Fatihu son ta dawo. Yin shiru kawai zai yi, jibi ya gan ta, Alhaji ma ya sassauta masa. Amma sai ya matso gaban Alhaji.

"Baba, a ba ni izini in yi mata magana."

Alhaji ya miƙa masa wayar, a zatonsa tayin ɗauko ta daga filin jirgi zai yi. Sai Fatihu ya buɗe baki da Sifaniyancin kan bulo, yana tuntuɓe yana tashi. Kukan Tayyiba ya tsaya cak. Can sai aka ji ta fashe da dariya, ta amsa masa da yaren, tiryan-tiryan ba gargada.

"Me ka ce mata?" in ji Alhaji.

Fatihu ya sunkuyar da kai. "Cewa na yi kada ta dawo, Baba. Na ce matar nan za ta sake zuwa, kuma wata rana za ta gane ta. Na ce ina nan ina jira."

"A gidana? Da wayata?" Alhaji ya nuna masa ƙofa.

Fatihu ya tashi ya fita. Hajiya ta tattara kofuna, sannan ta tsaya.

"Alhaji, shekarar da ka zo ƙasar nan karatu ka bar ni a Zariya, ka tuna wasiƙar da ka ce sanyi ya ishe ka, gida za ka dawo?"

Alhaji ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Me na ce maka?"

"Cewa kika yi in zauna," ya ce can ƙasan maƙoshi.

"To ƙin ka nake yi a lokacin?"

Lahadin da ta biyo baya Fatihu bai zo ba. Waya ta kusa shigowa, Alhaji sai duban ƙofa yake yana gyaran murya. Daga ƙarshe ya ce, "Saudatu, kira min yaron nan. Mutum ya saba wa mutane da lemo sannan ya ɗauke ƙafa?"

Fatihu ya iso yana haki, ya nufi wurinsa na bakin ƙofa. Alhaji ya nuna masa kujerar kusa da shi.

"Zauna nan. A yaren nan naku, yaya ake cewa na ba ka?"

Fatihu ya buɗe baki, amma Hausar da Sifaniyancin duk suka gudu suka bar shi. Sai hawaye.

Tayyiba ta ƙarasa zangonta. Matar nan ta dawo da ɗanta, kuma ta gane ta tun daga gaisuwa har sallama. Da bazara aka ɗaura aure, aka yi walima a Fort Washington. Wilmer ya zo cikin kaftani da hula zanna ta aro, ya yi doguwar addu'a da yarensu, amarya da kanta ta fassara wa jama'a ba ta bar ko kalma ba. Alhaji Maitama ya fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙa gane juna ko da wane yare suka yi magana.